Tarko a Akwatin Jan Biro

Kowace Litinin da hantsi, yayan maiɗakina yakan aiko mata da imel yana tambayar lafiyarta. "Abokiyar cinikinmu mai daraja, yaya ƙarfin jiki? Kin gwada sabuwar ƙwayarmu kuwa?" Saƙon ba ya makara. Ita kuwa ta yi watanni a kabari, kuma shi da kansa yana cikin waɗanda suka sa hannu aka saukar da ita.

Ni nake ganin saƙon, domin ni ke kula da sabar ɗin kamfaninmu, wato na'urar da ke karɓar imel ta raba wa kowane ma'aikaci nasa. Kamfanin ɗab'i ne. Muna buga littattafai idan an samu, kalanda da rasit idan ba a samu ba. Na'urar tana wani ɗan ɗaki bayan siton takarda, babu taga, sai fanka mai kukan tsohuwar ƙofa, kujera ɗaya, da kwalin takarda da baƙo ke zama a kai idan ya nace sai ya zauna. Asalina edita ne. Ranar da wanda ya haɗa na'urar ya samu aikin da ya fi namu tsoka, ya tafi ya bar wani littafin bayani mai kauri. Aka duba kamfanin kaf, ba a samu mai karanta littafi har ƙarshe ba sai ni. A kamfanin littattafai, ka ji.

Aikin ba shi da wata ɗaukaka. Yawancin masu ƙwanƙwasa mana ƙofa shara suke kawowa: mai agogon jabu, mai maganin ƙarfin maza, matar wani attajiri da ya mutu ya bar mata dukiyar da ta rasa wanda za ta ba duk duniya sai direbanmu. Akwai rariya a cikin na'urar da ke tace su, ni kuma ina koya mata. In nuna mata wannan shara ce, waccan wasiƙar mutum ce, a hankali ta fara gane warinsu da kanta. Ta fi wasu marubutan da na yi wa gyara saurin ɗaukar darasi.

Saƙon surukina kaɗai ke wucewa ba a taɓa shi, domin maiɗakina da hannunta ta sa masa alamar ɗan gida tun tana raye. A wurin aiki Jan Biro ake ce mata, saboda ita ke karatun ƙarshe kafin a buga, kuma ba ta taɓa mayar da shafi fari ba. Sunan ya bi ta har adireshinta na imel. Mace ce da ta taɓa sa aka tsayar da inji ana tsakiyar bugu saboda aya ɗaya da ta ɓace. Amma idan yayanta ya buɗe baki, sai ta ajiye biron.

Dakta ake kiransa. Shi ya raɗa wa kansa. Ya sayar da kayan mota, ya sayar da wayoyi, daga baya ya gano cewa mara lafiya ba ya neman ragi. Ya kama shago a saman bene, ya sayi farar riga, ya cika kanta da ƙwayoyi cikin kwalabe masu hoton ganye. Kasuwarsa duka ta imel ce. Ya tara adireshin mutane dubbai, wasu ya saya, wasu ya kwaso a wuraren taro, wasu na dangi ne, yana yi musu ruwan talla duk mako.

Da aka ga ƙari a cikin maiɗakina, likita ya ce a yi aiki da wuri. Dakta ya zo gida da leda cike da kwalabe, ya zauna a falo ya ce, "Ƙanwata, kar ki bari su yanka ki. Ki ba ni wata uku kawai." Na yi magana, ta ce yayanta ne, ba zai cuce ta ba. Wata ukun ya haihu. Da muka koma asibiti, likitan ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya tambaye mu ina muka shiga. A makonnin ƙarshe Dakta bai taka asibitin ba. Ya ce warin wurin yana tayar masa da zuciya.

Ban ce ya yi niyyar kashe ta ba. Niyya tana bukatar tunani.

Toshe shi daga na'urarmu ba wani aiki ba ne, layi ɗaya zan rubuta, shi ke nan. Amma wannan toshe kunnena ne kawai, shi zai ci gaba da tambayar lafiyar sauran duniya. Ni so nake a rufe masa kowace ƙofa, ya yi ta magana babu mai ji.

Hanyar tana nan, na kuma same ta inda nake samun komai, a karatu. Masu kula da sabar irina a ƙasashe da yawa suna da wata ƙungiya da ke riƙe da baƙin littafi na masu watsa shara. Wanda sunansa ya shiga, yawancin na'urorin duniya sukan juya masa baya. Ba sa saka mutum don wani ya kai ƙararsa, sun san kowa yana da wanda ya tsana. Tarko suke ɗanawa. A ɗauki adireshin da mai shi ya bari, a rufe shi shekara guda cur, duk wanda ya aiko a mayar masa da saƙonsa da amsar cewa babu mai wannan adireshi. Mai mutunci zai ga amsar ya goge sunan. Bayan shekara a buɗe akwatin shiru. Duk wanda har lokacin yake aikowa, ya nuna da kansa cewa bai san wanda yake rubuta wa ba, bai kuma damu ya sani ba.

Na karanta sharaɗin, na sake karantawa. Adireshin da ya dace guda ɗaya nake da shi.

Manaja ta daɗe tana so in rufe akwatin Jan Biro, tana dai jin nauyin matsa min. Na same ta a ofis tana faɗa da mai kawo tawada a waya. Da ta ajiye na ce, "Zan rufe akwatin nan yau."

Ta cire tabarau. "Malam, ka tabbata? Ba wanda ya kore ka fa."

"Na tabbata."

"To, madalla. Haƙuri ya fara zuwa ke nan. Dama na ce wa maigidana lokaci kawai kake bukata."

"Lokaci kam," na ce. "Shekara guda."

Ba ta gane ba, ni kuma ban taimaka mata ba.

Na kwashe tsofaffin wasiƙun a faifai na ajiye wa 'yarmu. Sannan na rubuta layin da ake bukata. Ƙa'ida ce idan ka yi gyara ka gwada, don haka na aika mata gaisuwa daga nawa akwatin. Kafin in ɗauke hannu daga maɓalli ta dawo. Babu mai wannan adireshi. Na je maƙabarta, na karɓi gaisuwa, na raba kayanta, amma babu wanda ya faɗa min maganar ƙarara kamar na'urar da ni na sa ta faɗa. Na fita na tsaya kusa da injin bugu, inda ƙara ba ta barin kowa ya tambaye ka lafiya.

Ba na so a ce na yi wa mutum kwanton ɓauna ban yi masa sallama ba. A makon na ce wa 'yata ta raka ni shagon kawunta. Lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, kuma ba ta daina zuwa gaishe shi ba, ta ce dariyarsa irin ta uwarta ce. Muka hau matakala mai ƙunci, muka tarar da shi ƙarƙashin hoton ƙasusuwan mutum, yana cin gyaɗa yana zuba ɓawon a aljihun farar rigar.

"A'a, Ƙamus da kansa," ya ce. Haka yake kirana tun ina neman ƙanwarsa. "Yau an rufe laburare ne? 'Yata, zo zauna nan. Kin rame. Ubanki littafi yake dafa miki?"

"Kawu ke nan," ta ce tana dariya.

Na ce, "Yaya, magana ɗaya ta kawo ni. Har yanzu tallanka yana zuwa akwatin marigayiya. Ka cire sunanta."

"Allah ya jiƙanta," ya ce da sauri, kamar mai miƙa kuɗin mota. "Ai ba ni ba ne, kwamfuta ce ke turawa. Ni ina zan san kowa da kowa? Mutum dubu nawa."

"Wannan ɗayar ka san ta."

"Zan sa a duba."

"Saƙonnin da ake mayar maka fa, kana karantawa?"

Ya yi dariyar nan, na ga 'yata ta sunkuyar da kai. "Waɗannan? Akwai wani akwati can da suke taruwa, ko kalmar sirrinsa na manta. Wa ke da lokacin sauraron wanda bai saya ba?" Ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko kwalba. "Kai ma idonka ya faɗa, Ƙamus. Ga wannan, na damuwa ne da rashin barci. Rabin kuɗi zan yi maka, kai na gida ne."

Na karɓa na karanta takardar jikin kwalbar. Kurakuran rubutun sun fi layukan yawa. Na mayar masa.

A matakala 'yata ta ce, "Ka ji dai ya ce zai duba, Baba."

"Na ji. Ke ma kin ji."

A shekarar nan na koyi halin mutane fiye da yadda littattafai suka koya min. Na'urar tana nuna duk wanda ya ƙwanƙwasa aka sallame shi. Mujallar da marigayiya take karɓa ta daina tun a watan farko. Likitan haƙori ya aiko tuni, ya sake aikowa, ya gane. Wata ƙawarta ta makaranta da labarin bai kai mata ba ta ga amsar, ta nemo lambar kamfani ta kira, na riƙe mata waya har ta gama kuka. Har wasu 'yan damfara na ƙetare suka gaji suka goge ta, domin su ma ba sa son ɓata harsashi. Dakta kuwa duk Litinin yana nan. Na'urar ta ce masa babu ita, mako na zagayowa ya dawo da rangwame.

Na saba da shi har nakan haɗa shayi in zauna jiransa. Ma'aikata suka lura na daina zuwa ranar Litinin da fuskar shanu, mai injin ma ya tambaye ni ko na fara neman aure. Akwai Litinin ɗin da saƙon ya makara, na ɗauka mutumin ya tuba. Ashe wuta aka ɗauke a unguwarsu.

Da shekara ta cika na rubuta wa ƙungiyar, suka duba tarihin adireshin suka karɓa. Na buɗe akwatin. Litinin da hantsi saƙon ya iso, bai tarar da kowa a ƙofa ba, ya wuce ciki. Yaya ƙarfin jiki? Na'urar ta miƙa kwafinsa inda ya kamata. Suka jira ya maimaita, ya kuwa maimaita, domin Dakta mutum ne mai cika alkawari.

Ba a rufa wata ba sai ga shi a kamfani. Ya ratso ta cikin sito, farar rigar ta kwashi ƙurar takarda. Ya dubi kujerata, na nuna masa kwalin.

"Ƙamus, an yi min asiri."

"Ayya. Ta wane gefen?"

"Tallana ba ya zuwa ko'ina. Waya ta yi tsit kamar gidan makoki. Kamfanin da ke tura min saƙo sun dakatar da ni, wai ina cikin wani baƙin littafi. Na koma wani, su ma suka kore ni. Ga kaya na shigo da su kwali-kwali, kuma kwanan watan lalacewarsu ba shi da nisa. Kai ka san kan abin nan. Ka duba min, don zumunci."

Na buɗe shafin ƙungiyar, na sa sunan shagonsa, na juya masa allon. Na karanta masa a hankali, irin karatun da ake yi wa mara lafiya sakamakon gwaji.

"Sun ce ka faɗa tarko. Kana aika wa adireshin da babu mai shi."

"Wanne? A cire shi yanzu."

"Ba sa faɗa. In suka faɗa ya daina zama tarko."

Gaskiya na gaya masa. Duk zaman nan ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba, abin da ya fi yi min daɗi ke nan.

"To a ba su wani abu mana."

"Ba sa karɓa."

"Kowa yana karɓa."

"Waɗannan aikin sa kai suke yi. Irinsu sun fi wuyar sha'ani."

Hanyar fita ɗaya ce, na bayyana masa. Za su ɗaga masa ƙafa ya aika saƙo guda ga kowa da kowa, ba talla ba, tambaya: kana so in ci gaba da aiko maka? Wanda ya danna eh ya zauna. Wanda ya yi shiru a goge shi. In kuwa bayan haka ya sake faɗawa tarko, sai dai ya nemi wata sana'ar, domin ba sa yafewa sau biyu.

"In tambaye su?" ya ce. "Ai in ka tambayi mutum sai ya ce a'a."

"Haka ake zargi."

Ya share zufa da hannun riga. Ya ce ni zan gyara masa rubutun, tunda ni ne mai alƙalami. Muka ajiye Litinin, a ɗakin na'urar.

Ranar Asabar 'yata ta zo gida da takardun ɗalibanta, ta baje su a teburin cin abinci, daidai inda uwarta ke baje nata. Ta yi maki kaɗan, ta ajiye biro.

"Baba, Kawu ya kira ni. Ya ce kai kaɗai ka tsaya masa."

"Zumunci ke nan."

"Akwatin Mama ne tarkon, ko?"

Jinin uwarta ne, kuskure ba ya wuce ta. Na ce, "A gabanki na ce ya cire."

"Ka san ba zai cire ba."

"Na sani. Shi ya sa na tafi da shaida."

"To yanzu in tambayar ta shigo akwatinta, me za ka yi?"

Na riga na gama tsara wannan, na kuma faɗa mata, domin ban iya ɓoye aikin da ya yi kyau ba. Zan danna eh. Sunanta zai zauna cikin waɗanda suka yarda, Litinin ta gaba tallansa ya sake faɗawa tarko, ƙungiyar ta rufe shi har abada. Dannawa ɗaya.

"Mama ba za ta so haka ba."

"Mamanki so ta yi ta rayu."

Na ɗauka na gama da ita. Ta tattara takardun, ta buga gefensu a kan tebur har suka daidaita, sannan ta ce, "Ni ba kare shi nake ba, Baba. Na san abin da ya yi. Amma sau ɗaya ta ce masa to, ka ga inda ya kai mu. Yanzu kai za ka sa ta sake faɗa, da hannunka."

Na tashi na wanke kofunan da ba su da datti. Na tsufa ina gyara wa mutane jimla, na san jimlar da ba ta da wurin gyara.

Amma fasa dannawa ba fasa Dakta ba ne. Edita idan aka hana shi cire babi, sai ya koma kan kalmomi.

Ranar Litinin, tun kafin ya iso, na sanar da ƙungiyar cewa na janye tarkona, na sake rufe akwatin Jan Biro. Na'urar tana ba mai kula da ita dama ya rubuta wa wani mai aikowa amsar kora ta musamman, da kalmomin kansa. Ban taɓa amfani da damar ba, ranar na yi.

Ya zo da kwamfutarsa a hammata da takardar da ya tsara. "Albishirinku, masoyanmu." Na zaro jan biro daga aljihu, nata ne, na bi ta kai. Na soke albishir. Na soke masoya. Na soke maganin da likitoci ke ɓoyewa. Abin da ya rage shi ne: "Mun daɗe muna aiko muku da talla ba ku nema ba. Idan kuna so mu ci gaba, ku danna nan. Idan kuna da magana, ku ba da amsa, za ta zo hannuna."

"Wannan ai kamar mai neman gafara," ya ce.

"Kama ce kawai."

"Hannuna kuma na mene ne?"

"Sharaɗinsu ne, akwatin amsa ya zama wanda ake buɗewa. Wancan ka ce ka manta kalmar sirrinsa. Wanne kake buɗewa?"

Ya ɗaga wayarsa. Na sa adireshin da ke kanta. Tunda kwamfutar tana hannuna, na nemo adireshin ƙanwarsa cikin dubban, na kai shi farkon layi. Yana zaune a gefena yana kallon allon, bai ga komai ba.

"Danna da kanka," na ce. "Kasuwarka ce."

Ya danna. Fanka ta ci gaba da kukanta. Wayar ta yi ƙara guda, ya washe baki. "Ka gani? Har an fara."

Ya buɗe. Na san abin da ke ciki, don haka fuskarsa na kalla. Babu mai wannan adireshi. Ƙanwarka ce. Ka ce ta ba ka wata uku.

Ya karanta leɓensa yana motsi. Ya dubi adireshin, ya dube ni, ya sake duban adireshin.

"Kai ne," ya ce.

"Ni na rufe, ni na buɗe. Aikowar taka ce."

"Ni fa jininta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kana tsammani ban ji mutuwarta ba?"

"Ban sani ba, Yaya. Shekara guda ana gaya maka duk mako, ba ka buɗe ba."

"Taimakonta na yi niyya. Mutum nawa suka sha suka warke?"

"Yanzu za ka ji daga bakinsu."

Wayar ta sake ƙara, ta sake, sannan ƙarar ta daina rarrabewa, ta koma kamar ƙudan zuma a gwangwani. Da farko na'urori ne ke cewa babu mai wannan adireshi, babu mai wancan. Kafin a jima mutane suka fara shigowa tsakaninsu. Ya buɗe ɗaya ya rufe. Ya buɗe wani. Ban leƙa ba, shi ya riƙa karantawa a fili bai san yana yi ba. Wani ya ce mahaifinsa ya rasu, ya sha roƙonsu su daina. Wata ta ce mijinta ya bar allurar ciwon sukarinsa saboda kwalbarsu, tana so a gaya mata inda shagon yake. Wani bai rubuta komai ba sai magana kan iyayen Dakta, wadda ba zan maimaita ba saboda surukaina ne.

Wayar ta yi zafi, ya sauya hannu. Ya nemi wurin rage ƙara, yatsansa yana zamewa.

"Yaya ake tsayar da shi?"

"Ba a tsayarwa. Sai sun ƙare."

"Dole akwai inda ake dannawa."

"A naka tallan akwai?"

Ya miƙe, kwalin ya lotsa inda ya zauna. A bakin ƙofa ya juyo. Na zaci zagi ne, na ma shirya masa. Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ta sha wuya a ƙarshe?"

"Sosai," na ce.

Akwai amsa mai laushi, ita ma gaskiya ce, domin a kwanakin ƙarshe allura ta sa barci take yi. Ban ga dalilin ɓata wannan amsar a kansa ba.

Ya fita ta cikin sito, ina jin wayar tana bin sa har ƙarar inji ta haɗiye ta.

Waɗanda suka danna eh, in ji 'yata, ba su cika shafi ba, kuma ina kyautata zaton wasunsu yatsa ne ya zame. Kwalayen suna nan a saman bene har kwanan watansu ya wuce. Matar mai ciwon sukarin ta gano shagon, kuma ba ita kaɗai ta je ba. Na ji ya cire farar rigar, yana neman wanda zai karɓi hayar. 'Yata tana zuwa gaishe shi har yanzu. Ban hana ta ba, ita ma ta daina ba ni labarin dariyarsa.

Ranar Litinin nakan haɗa shayi bisa sabo in zauna gaban allon. Hantsi ya yi, ya wuce, shayin ya huce. A makon jiya, wajen tsakar rana, wani mai agogon jabu daga ƙetare ya ƙwanƙwasa akwatin Jan Biro. Na'urar ta ce masa babu ita, ya wuce. Wannan ban riƙe shi da komai ba. Bai san ta ba.